Lambobin da Suka Gagari Rabo

Mai goro 12 zai iya kasa shi daidai tsakanin mutum biyu, uku, huɗu ko shida. A ƙara masa ƙwaya ɗaya ya zama 13, shi ke nan rabo ya ɓaci: ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Lambobi irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, su ne gagara-rabo. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar da cewa ba su da iyaka.

Su ma dangi-dangi ne. Akwai tagwaye, kamar 11 da 13, waɗanda biyu ce kawai tsakaninsu. Amma dangin da ya fi fitar da ƙattai shi ne na Mersenne, wani limamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Tsarinsa ba wuya: a jera 2 sau biyar a ninka, a samu 32, a cire ɗaya, saura 31, gagara-rabo. Sai dai ba kullum ake dacewa ba. Jerin 2 sau 11, a cire ɗaya, yana ba da 2,047, wadda 23 ke raba ta tsaf.

Mersenne da kansa ya yi tuntuɓe. Ya saka jerin 2 sau 67, a cire ɗaya, cikin lissafinsa na gagara-rabo, alhali tana rabuwa. A 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya tashi zuwa allo, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu, amsar ta fito daidai da waccan lamba. An ce ya koma ya zauna bai ce uffan ba.

Me ya sa dangin nan ya yi wa sauran zarra? Domin yana da gajeriyar hanyar gwaji, wadda Édouard Lucas ya ƙirƙiro, Derrick Lehmer ya inganta. A 1876 Lucas ya tabbatar da gagara-rabo mai alƙaluma 39, ba kwamfuta, ba komai.

A watan Oktoban 2024 kuwa, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano ta 52 da aka sani a dangin, ta hanyar shirin GIMPS da aka fara a 1996. Jerin 2 ne sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320, a zuba 3,000 a kowane shafi, sai an ci shafi sama da 13,000.

Gaskiya wannan ƙatuwa ba ta da wani aikin yi tukuna. Masu alƙaluma ɗaruruwa ne ake amfani da su wajen kulle sirrin bankuna a intanet. Duk da haka farauta ba ta tsaya ba: ƙungiyar EFF ta Amurka ta ajiye dala 150,000 ga duk wanda ya fara gano mai alƙaluma miliyan 100.