Cire Fenti Daga Robar Mota Ba Tare Da An Ɓata Ta Ba

Mafi yawan abin da ke gaba da bayan motar zamani roba ce. Bamfa, ragar gaba, gidan madubin gefe, baƙar robar da ke bin bakin taya da ƙasan gilashin gaba, dashbod, har da abin da ake kira gilashin fitila, duk daga roba aka zuba su. Fenti kan hau waɗannan sassa ta hanyoyi kaɗan sanannu. Akwai feshin da iska ke ɗebowa idan ana fentin motar, ko wata da ke kusa da ita, a garejin da ba rufi ba katanga. Akwai gogar wani abin hawa, kamar layin ruwan ɗorawa da A Daidaita Sahu kan bari a kusurwar bamfa a cunkoson Kano. Akwai ɗigon fentin gida idan an ajiye mota a gindin ginin da ake shafe, sai kuma bamfar gwanjo da aka sayo da launin da ba na motar ba.

Robar ba iri ɗaya ba ce, kuma masu ƙera ta sun sauƙaƙa gane ta. Idan aka juya bayan bamfa ko wani sashe da aka kwance, za a ga haruffa a tsakanin alamomi biyu masu kama da kan kibiya. Bamfa da baƙar robar waje galibi >PP< ne ko >PP+EPDM<. Ragar gaba, gidan madubi da wani sashe na robar cikin mota >ABS< ne. Murfin fitilar gaba >PC< ne, wato folikabonet, jan murfin fitilar baya kuma yawanci >PMMA<, wato akirilik. Ta farkon ita ce mai haƙuri da sinadarai. Sauran ukun ba su da wannan haƙurin ko kaɗan.

A nan ne ɓarnar take farawa, domin a garejoji da wuraren wankin mota an ɗauka cewa roba ba ta jin komai, tina kuma maganin kowane fenti ce. Mai mota zai nuna ɗigo-ɗigon feshi a kan fitilarsa, a ce masa, “Alhaji, ai wannan ba komai ba ne, tina kaɗan za a shafa, yanzun nan ya fita.” Yaro ya tsoma tsumma a galan ya goga. Fentin ya fita, fitilar ta yi ƙyalli kamar sabuwa, a biya a tafi. Ƙyallin nan na ɗan lokaci ne, domin fuskar robar ce ta narke ta yi laushi. Da ta bushe sai ta yi hazo fari-fari, wani lokaci har da sawun zaren tsumman a kwance a cikinta.

Tina gauraye ce ta sinadarai masu narkar da abu, irin su toluwin, zailin da asiton. An haɗa ta ne don ta narkar da ƙaron da ke riƙe fenti, shi kuma wannan ƙaron ɗan'uwan roba ne ta fuskar sinadari. Abin da zai narkar da ɗaya ba shi da dalilin ƙyale ɗayan. Asiton kaɗai, wanda shi ne ke cikin yawancin ruwan da mata ke goge jan farce da shi, yana mayar da ABS kunu idan aka jiƙa ta a ciki. Ɗigo ɗaya a kan gidan madubi ya isa ya bar tabon da ba ya gyaruwa sai an sake fenti.

Fitilar gaba ta fi kowanne shan wahala. Folikabonet na da ƙarfin jure duka, shi ya sa aka maye gurbin gilashi da ita, amma rana na cin ta. Don haka a masana'anta ake lulluɓe ta da wani siririn shafi mai tauri da ke tare hasken rana mai ƙona roba. Tina na raunana wannan shafin, ta shiga jikin robar ta duk inda tsakuwa ta riga ta ƙwarzane shi. Murfin fitila kuwa a ɗame yake tun daga zubi, ga kuma maƙalai da ke matse shi. Da sinadarin ya shiga, sai ƙananan tsaga su bazu a cikin naman robar, wasu nan take, wasu bayan sa'o'i ko kwanaki, lokacin da zafin rana da na kwan fitila suka yi aikinsu. Irin wannan tsagar ba a sama take ba, don haka babu folish ɗin da zai kai gare ta. Ko ba ta tsage ba, fitilar da aka cinye wa shafi za ta soma yin ruwan ɗorawa cikin watanni. Hasken da ya kamata ya tafi kan titi sai ya watse ta ko'ina, direba ba ya ganin gabansa sosai, na gaba kuma ana kashe masa ido. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma wanda ya yi aikin ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Abin haushin shi ne sau da yawa tinar ba ta ma iya aikin da aka ɗauko ta dominsa. Fentin mota na zamani ana haɗa shi da hadina, wadda ke sa ya ƙulle ta hanyar sinadari, ba bushewa kawai yake yi ba. Idan ya yi kwanaki ya gama ƙullewa, tina ba ta narkar da shi yadda take yi wa tsohon fentin seluloz ko na gwangwanin feshi. Mai gogewa ya ga bai fita ba, ya ƙara jiƙa tsumma, ya ƙara danna hannu, robar da ke kewaye da ɗigon tana ta lalacewa, ɗigon yana nan daram. Masu cewa sun sha gogawa a bamfa ba abin da ya faru, gaskiyarsu ta tsaya ne a kan PP, wadda takan jure shafa ɗaya ta gaggawa. Ita ma idan baƙa ce mara fenti takan koɗe ta yi toka-toka, idan kuma mai fenti ce ba na masana'anta ba, fentin kirkin na iya tafiya tare da na banzan.

Man birki shi ne na biyu a farin jini. Gaskiya ne nau'o'insa na DOT 3 da DOT 4 suna ɗaga fenti, shi ya sa ake gargaɗin kada su zuba a jikin mota. Amma ba sa bushewa da wuri, suna gangarawa su shiga lungu, su ci fentin da ba a yi niyya ba, kuma suna iya sa ABS da folikabonet su yi gautsi, sai ranar da za a mayar da sashen a ji maƙalansa suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Fetur na kumbura PP, yana tsaga murfin fitila, ga hatsarin gobara. Kananzir na cire kwalta da ɗanyen fentin mai, busasshen fenti kuwa ba ya yi masa komai. Ruwan cire fenti na gwangwani an yi yawancinsa ne don ƙarfe da katako. Mafi ƙarfinsa na ɗauke da metilin kulorayid, wanda jiki ke mayarwa iskar gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da irinsa ga jama'a a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019 bayan ya kashe mutanen da suka yi aiki da shi a rufaffen wuri. Yaran gareji da ake sa wa wannan aiki da hannu tsirara, su wanke hannun da fetur su zauna cin abinci, haƙƙinsu na kan iyayen gidansu.

Hanyar da ta dace tana farawa da mafi sauƙi, ba a hawa mataki na gaba sai na baya ya gaza. A kai motar inuwa, a bari jikinta ya huce, domin roba mai zafi ta fi saurin karɓar sinadari. A wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, musamman lokacin hunturu, don ƙurar da ke kai ita ce za ta zama sanfefa idan aka soma goga. Sannan a gwada da farce. Idan fentin a sama yake zaune, za a ji shi ya ɗan tasa. Idan farcen ya faɗa rami, ko ana hango baƙar roba a ƙasa, to fentin motar ne ya ɓare, guga ba za ta dawo da shi ba.

Fentin gida na ruwa shi ne mafi sauƙi. A ɗora tsumman da aka jiƙa da ruwan ɗumi mai sabulu a kansa na kamar minti 10, sai a ɗaga shi da gefen tsohon katin ATM. Reza da wuƙa da soson ƙarfe ba su da wuri a wannan aiki. Reza na yin amfani a kan gilashin gaske, a kan roba kuwa yanka take yi.

Bamfa ko madubi mai fentin masana'anta ana bi da su ne kamar sauran jikin mota. Ƙananan ɗigon feshi na fita da lakar goge mota, wani abu mai danƙo da ake samu wajen masu sayar da kayan folish. Ana murza ta a tafin hannu ta yi faɗi, a fesa ruwan sabulu, a riƙa zame ta a hankali, ana ninke ta idan ta yi datti. Idan ta faɗi ƙasa a jefar, ta kwashi yashi ke nan. Layin goga irin na A Daidaita Sahu kuma kamfawun ke cire shi, wato man nan mai ɗan kaushi da masu fenti ke fito da ƙyalli da shi. A lakato kaɗan a tsumma mai laushi, a goga wuri kaɗan, a share a duba. Shafin ƙyallin da ke saman fentin mota bai kai kaurin gashin kai ba, kuma a kusurwa ya fi siranta. Injin folish a hannun wanda bai ƙware ba yana ƙona bamfa nan da nan, saboda roba ba ta watsa zafi yadda ƙarfe ke yi.

Baƙar roba mai gurzo-gurzo ta fi wuya, don fentin na shiga cikin ƙananan ramukanta. Ba a sa mata sanfefa, domin wurin zai yi sumul ya bambanta da sauran har abada. Ba a sa mata kamfawun, farinsa na maƙalewa a ramukan. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne sipirit na asibiti, nau'in aisofurofil mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. A fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan bamfa, a jira ya bushe a ga ko launi ya sauya. A zuba a tsumma, kada a tuttula a kan robar, a danna a kan fentin na 'yan daƙiƙu, a cuɗa da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da ruwa, a maimaita. Aikin na cin lokaci, sau biyar ko shida ba abin mamaki ba ne. Bayan an gama a shafa man raya baƙar roba. Sipirit ɗin nan bai dace da jan murfin fitilar baya ba, domin akirilik na tsagewa da shi. A cikin mota ma a yi hattara, yana iya goge rubutun da ke kan maɓallai da laushin saman dashbod. Murfin jakar iska da ke kan sitiyari kuma ruwa da sabulu kawai ya kamata su taɓa shi.

Fitilar gaba ana fara ta da laka da ruwan sabulu, sannan folish mai laushi na roba. Idan feshin ya yi kauri ya ƙulle, sai sanfefar ruwa. A rufe fentin da ke kewaye da salatef na takarda, a fara da lamba 1000, a koma 2000, a ƙarasa da 3000, ana zuba ruwa ba yankewa, kowace lamba ana sauya mata fuskar guga don ta share sawun ta baya. Daga nan a yi folish har ta washe. Wannan aikin na tafiya da shafin kariyar rana, don haka wajibi ne a fesa sabo na musamman don fitila. Wanda ya tsaya a folish, ko ya dogara da man goge baki, zai ga hazon ya dawo kafin shekara ta zagayo.

Bamfar gwanjo da aka sayo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ba ta buƙatar a kware ta zuwa roba idan fentinta na asali lafiya yake. A wanke, a dushe ƙyallin da sanfefa mai lamba 600 zuwa 800, a yi fenti a kai. Inda tsohon fentin ke ɓarewa ne ake bi da sanfefa mafi kaushi, da hannu, har a kai ga wanda ya riƙe. Ƙona shi da wuta ko bindigar zafi ba dabara ba ce, PP na narkewa a wajen digiri 160, ABS na yin laushi tun a wajen 105, bindigar kuwa tana wuce 500. Duk inda baƙar PP ta fito fili sai an fesa mata firamar roba kafin komai, saboda fenti ba ya kama ta kai tsaye. Tsallake wannan matakin ne ke sa a ga bamfar da aka yi wa fenti wata uku da suka wuce tana saɓulewa a wurin wanki. Na'urorin jin kusanci da ke cikin bamfa a cire su kafin a fara.

Feshin gareji kuwa bai kamata ya faru ba tun farko. Tsohuwar jarida da salatef na takarda sun isa su rufe fitila, madubi da baƙar roba, kuma kuɗinsu bai kai komai ba a cikin kuɗin fenti. Mai mota na da ikon ya ce a rufe ko a kwance su kafin a ɗauki bindigar feshi, ya kuma duba su da rana, yana bi da tafin hannu, kafin ya cika kuɗin aiki. Ɗigon da aka gano a kwana ɗaya ko biyun farko, hadina ba ta gama ƙullewa ba, yakan fita da laka kawai.