Gundarin Mai: Yadda Ake Sarrafa Abin da Ke Raya Inji

A bakin kogin Kwara, a garin Dole Kaina na Jihar Kebbi, kusa da inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu, ƙarar inji ba ta yankewa tun daga asuba. Jiragen ruwa masu inji suna ɗaukar fasinja da hatsi zuwa Lolo ko su nufi Gaya da Malanbil, babura suna kai da komo, a fadamu kuma injinan ban-ruwa suna shayar da shinkafa. Dukkan waɗannan injina sun dogara ne a kan wani siririn shafi na mai wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Shi ne ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya hana su gugar juna, ya kwashe zafi, ya wanke datti. In wannan shafi ya yanke, inji ya buga, jarin shekara guda na manomi ko matuƙin jirgi ya salwanta. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san daga ina wannan mai yake fitowa, da kuma yadda ake yin sa.

Mene Ne Gundarin Mai?

Man da ake zuba wa inji, wanda aka fi sani da baƙin mai, haɗi ne na abubuwa biyu. Kashi 75 zuwa 90 cikin 100 nasa gundarin mai ne, wanda 'yan kasuwa ke kira bes oyil. Sauran kuwa sinadaran ƙari ne, masu wanke datti, da hana tsatsa, da rage cin ƙarfe, da hana mai saurin lalacewa.

Akasarin gundarin mai daga ɗanyen man fetur ake samun sa. Shi kuwa ɗanyen mai ragowar ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su. Ƙwayoyinsa sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin. Gajerun sarƙoƙi su ke ba da fetur da kananzir, masu tsawon kabon 20 zuwa 50 kuwa su ne suka dace da shafa inji.

Babban ma'aunin nagartar wannan mai shi ne yadda kaurinsa ke jure sauyin zafi. Kowa ya san man shanu yana daskarewa da hunturu, ya narke da bazara. Man inji nagari shi ne wanda bai cika kauri ba da sanyin asuba, bai kuma tsinke kamar ruwa ba idan inji ya ɗauki zafi. A shekarar 1929 wasu masana biyu a Amurka, Dean da Davis, suka fito da ma'aunin jurewar kauri, wanda har yau da shi ake aiki: gwargwadon girman lambar, gwargwadon nagartar man.

Tsohuwar Hanya: Tacewa da Sinadaran Narkarwa

Mataki na farko shi ne dafa ɗanyen mai zuwa kimanin digiri 350 a ma'aunin Salsiyas, a ware fetur da kananzir da gas ta hanyar tururi. Abin da ya rage a gindin hasumiya mai ne mai nauyi, wanda in aka ƙara masa wuta sai sarƙoƙinsa su kakkarye. Dabarar ita ce a kai shi wata hasumiya da aka zuƙe iskar cikinta. Kamar yadda ruwa ke saurin tafasa a kan dutse mai tsawo, haka wannan mai ke tururi ba tare da ya ƙone ba, a raba shi kashi-kashi bisa ga kauri.

Mataki na biyu ya shafi ragowar wannan hasumiya. Ana gauraya ta da ruwan iskar furofen, wanda ke narkar da mai ya bar kwalta ta kwanta. Kwaltar ta tafi aikin hanya, man kuma ya zama mafi kaurin gundarin mai.

Mataki na uku shi ne cire ƙwayoyi masu siffar zobe, waɗanda ke lalata jurewar kauri, suna kuma haddasa laka a cikin inji. Sinadarin da ke tsamo su sunansa farfural, kuma asalinsa daga gona ne. Ana yin sa daga totuwar masara da ɓawon hatsi da tuƙar rake, kamfanin Quaker Oats na Amurka ne ya fara sarrafa shi da yawa a farkon shekarun 1920. Ƙaiƙayin shinkafar da ake tarawa a bayan injinan casa na Kebbi ma yana ɗauke da sinadarin da ake yin sa da shi.

Mataki na huɗu shi ne cire kaki. Ana haɗa man da wasu sinadarai biyu, MEK da tolwin, a sanyaya shi ƙasa da sanyin ƙanƙara har kakin ya daskare, sannan a tace. Da wannan kaki ake yin kyandir. A ƙarshe ana ratsa man da iskar haidirojin kaɗan domin gyara launinsa da ƙara masa ƙarko.

Matatar Kaduna

Wannan hanya ce aka girka a matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. An buɗe ta a 1980, sashen man shafa inji kuma ya fara aiki a 1983, kuma shi kaɗai ne irinsa a cikin matatun gwamnatin Nijeriya. Abin mamaki shi ne, ɗanyen man Nijeriya, duk da farin jininsa a kasuwar duniya saboda rashin nauyi da ƙarancin farar wuta, bai dace da wannan sashe ba. An tsara shi ne domin ɗanyen mai mafi nauyi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya. A da ana sauke man a Eskirabos, a turo shi ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 600 zuwa Kaduna.

Matatar ta shafe shekaru ba ta aiki, don haka kamfanonin da ke haɗa man inji a Nijeriya sun dogara ga gundarin man da ake shigowa da shi daga ƙetare ta jiragen ruwa. A maƙwabta ma haka abin yake. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, fetur da gas da iskar girki take fitarwa. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya ƙetare kogin Kwara a yankin Gaya ya kuma fara aiki a 2024, ɗanyen mai yake kaiwa kasuwar duniya. Ga ɗanyen mai yana wucewa kusa da Dole Kaina, ga matuƙin jirgi yana sayen man da ya ƙetaro teku.

Sababbin Hanyoyi

Tsohuwar hanya tsince mugun iri kawai take yi. Sabuwar hanya kuwa sauya siffar ƙwayoyin take yi. Ana haɗa man da haidirojin a zafin da ya kai digiri 400, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 100, a kan wasu ƙarafa masu hanzarta aikin. Zobba su buɗe, farar wuta ta fita. A 1993 kamfanin Chevron ya fito da dabarar mayar da kakin kansa ya zama mai, ta hanyar yi wa miƙaƙƙun sarƙoƙinsa rassa don kada su daskare.

A farkon shekarun 1990 Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ta kasa gundarin mai rukuni biyar. Rukuni na 1 shi ne na tsohuwar hanya, farar wutarsa ta haura kashi 0.03 cikin 100 ko kuma ƙwayoyinsa masu ƙarko ba su kai kashi 90 ba. Rukuni na 2 da na 3 na hanyar haidirojin ne, bambancinsu shi ne lambar jurewar kauri ta rukuni na 3 ta kai 120 ko ta wuce. Rukuni na 4 ana ƙera shi ne daga ƙananan ƙwayoyi, a harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Rukuni na 5 ya tattara sauran, har da waɗanda ake yi daga man tsirrai. Akwai kuma masana'antar Pearl ta ƙasar Katar, wadda tun 2011 take mayar da iskar gas ta zama gundarin mai, bisa dabarar da Fischer da Tropsch suka gano a Jamus cikin shekarun 1920.

Abin da Ya Shafi Bakin Kogi

Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Na farko, gundarin mai tsurarsa ba man inji ba ne. Wanda ake aunawa a kwalabe a bakin hanya, ba tambari ba lamba, yana iya zama gundari marar sinadaran ƙari, ko tsohon mai da aka tace da tsumma. A ido ba ya da aibu, amma fistin da zobbansa ke biyan bashin arahar. Ya kamata mai saye ya nemi rufaffen galan mai tambarin hukumar SON da lambar kauri irin su SAE 40 ko 20W-50. Injin jirgi da ake gauraya masa mai a cikin fetur kuwa yana da nasa man na musamman, wanda aka yi domin ya ƙone tare da fetur ba tare da barin toka ba.

Na biyu, man da aka juye daga inji guba ne. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadarai masu haddasa ciwon daji ga fatar da ta daɗe tana cuɗanya da shi. In ya shiga kogi sai ya shimfiɗu a saman ruwa, ya tare iska, ya manne a kan matattarar numfashin kifi, ya kashe ƙwayayensa da ƙananan halittun da yake ci. An ƙiyasta cewa lita ɗaya tana iya ɓata ruwan sha lita miliyan ɗaya.

Sai dai gundarin da ke cikin tsohon mai bai mutu ba. Sinadaran ƙari ne suka ƙare, datti kuma ya taru. Da hasumiyar da aka zuƙe wa iska da kuma haidirojin ana iya sake tace shi ya koma sabo, kamar yadda ake yi a Italiya da Jamus. Matakin farko na wannan aiki ba ya bukatar masana'anta, duro ne mai murfi a rumfar kowane bakanike da kowace tashar jirgi, inda za a tara man a nesa da ruwan da masunta da manoman Dole Kaina ke ci daga gare shi.