WA KE KAUCEWA IN HANYA TA YI ƘUNCI?

Kowa ya san gudron da ya taso daga Yamai, ya bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram har Difa. A bisa wannan hanya babu gardama, kowane direba shi riƙe hannunshi na dama. Tsofaffin direbobi suna tune da lokacin da ake sake hannu in an ƙetare iyaka zuwa Katsina, don Najeriya hagu take bi har shekarar 1972.

Amma, jama'a, mafi yawan garuruwanmu ba bisa gudron suke ba. In ka sauka daga babbar hanya, abin da ke gabanka sawu biyu ne cikin rairayi, gona dama, gona hagu. Nan babu layi, babu jandarma. In mota biyu sun haɗu, dole ɗaya ta kauce.

Bara da bazara na ga abin da rashin kaucewa ke jawowa, a wata hanya ta ƙasar Mayahi. Ina cikin wata kamyo ta ƴan kasuwa, an loda mata buhunan gero, mutane zaune bisa kaya. Sai ga wata kat-kat ta fito gabanmu, mutum biyu kaɗai ke ciki. Direbanmu ya kunna mata wuta tun daga nesa, ba ta fita daga sawu ba. Dole ya taka birki a tsakiyar rairayi mai taushi. Kat-kat ta ga ba wurin wucewa, sannan ta kewaye mu ta yi gaba, ko sallama babu. Da direbanmu ya nemi tashi, ƙafafun baya sunka nutse. Tun hantsi muke haƙa da shebur, muna shimfiɗa tol, muna turi, sai bayan azahar munka fita. Cikinmu akwai wata mata da ɗanta goye, zazzaɓi ke damunshi, gidan likita za ta kai shi. Abin da kat-kat ta yi daga baya, da ta yi shi tun farko, ko minti biyu ba ta ɓatawa.

A kan dutse akwai doka rubutacciya. A shekarar 1968 ƙasashen duniya sunka sa hannu bisa yarjejeniyar zirga-zirgar motoci a birnin Biyena, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1975. Abin da ta tsara shi ne: a hanya mai tudu da gangara, in wurin bai isa mota biyu ba, mai gangarowa shi ke raɓewa gefe, mai hawa shi wuce. In kuma dole sai wani ya ja da baya, mai gangarowa ne za shi ja, sai fa in a fili yake cewa ya fi sauƙi ga mai hawa, misali akwai wurin raɓewa kusa da shi.

Wanda ya taɓa bin hanyoyin Adar, wajen Kaita da Buza, ba shi bukatar a gaya mishi dalili. Mota mai hawa da ƙarfin da ta taho da shi take hawa. In ta tsaya a tsakiyar tudu bisa tsakuwa, tashi sai da wahala: ƙafa na zamewa, mota na komawa baya, karen mota na gudu da dutse don shi tokare ta. In birki ya saki a nan, rayuka ne. Mai gangarowa kuwa, in ya tsaya, nauyin motar da kanshi za shi tayar da ita.

Cikin rairayi yarjejeniyar ba ta faɗi komi ba, amma dalilin guda ne. Wanda tsayawa da tashi sunka fi mishi sauƙi, shi ke bada hanya. Mota marar kaya ta kauce wa mai kaya. Ƙarama ta kauce wa kamyo, don kamyo in ta bar sawunta ta kafe. Kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, ita ta fi kowa ikon fita ta dawo, saboda haka ita ya kamata ta riga kowa fita. Abin mamaki, sau da yawa masu irin wannan mota su ne ke jiran a kauce musu, wai don motar ofis ce ko ta wani babba. Rairayi bai san muƙami ba. Motar da kowa ke kauce wa ba tare da lissafi ba ita ce mai ɗauke da marar lafiya.

Kaucewar ma da yadda ake yinta. Ƙura tana nuna maka mota tun ba ka gan ta ba. Tun lokacin sai ka nemi faƙo ko wuri mai ciyawa ka fita ta dama, ka tsaya hancin mota na kallon gangara. Kar ka jira sai kun yi ido da ido. Wanda anka kauce wa kuma shi rage gudu, shi ɗaga hannu. In motoci ne a jere, kamar ranar kasuwa, na gaba shi nuna da yatsu motoci nawa ke bayanshi, don kar mai jira shi koma cikin sawu shi gamu da wata cikin ƙura. Mai son wuce na gabanshi shi yi ham sau ɗaya, shi jira a ba shi wuri. Da dare kowa shi rage fitila.

To, hanyar ƙauye ba ta motoci ce kaɗai ba. Kafin mota akwai jaki da raƙumi, yanzu ga amalanke ga moto. Amalanken shanu mai lodin kara ko tano na ruwa ba shi ja da baya, kuma galibi yaro ne ke korar shanun. In direba ya matsa mishi da ham, shanu su firgita, amalanke shi kife. A ba shi lokaci har shi samu inda za shi raɓe. Raƙumi ya fi haka tsoro: in kun haɗu da ayari a wuri mai ƙunci, a tsaya a kashe mota har shi wuce.

Masu amalanke su ma da nasu laifi. Wasu suna barci bisa kaya, jakai na tafiya su kaɗai a tsakiyar hanya da dare, babu ko tocila. Iyaye, in za ku aiki yaro da amalanke bayan magariba, ku rataya mishi fitila a baya. Ƴan kabu-kabu kuma su bar kutsawa tsakanin mota da amalanke, don rairayin gefe shi ke kada moto.

Inda hanya ta ratsa burtali, dabbobi ke da gaba. Dokar filayen karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali, shi ya sa a wurare da yawa kuke ganin turakun siminti a gefenshi. Direban da ya kutsa cikin garke shina ham, shanu sunka watse cikin gero, shi ya tafi abinshi. Makiyayi ne za a kai gaban mai gari a ce shi biya ɓarna.

Ga damana tafe, ita ce lokacin da rigima ta fi yawa. Ruwa ya kwanta a cikin sawu, direba na tsoron kafewa, sai shi ratse ta cikin gona. Na bayanshi ya ga sabon sawu, shi ma shi bi. Kafin kaka, hanyar da faɗinta bai wuce taki huɗu ba ta cinye kunya goma na wani talaka, kuma inda kamyo ta daddanne ƙasa, ko baɗi shuka ba ta yin kyau. Manomi ya ji haushi, shi jibga ƙaya ko shi haƙa rami. Wani ma kowace shekara sai shi ƙara shuka kunya guda cikin hanya, har ta matse, a rasa inda za a raɓe. Duka biyu ba daidai ba ne. Wannan magana ce ta mai gari da kwamitin kula da filaye na ƙauye: tun kafin shuka a zaga, a shata iyakar hanya, a bar wuraren raɓewa nan da can, samari su cike ramukan da ruwa ke kwanciya da tsakuwa. Direba kuma, in ya iske ruwa, shi sauka shi auna zurfinshi da sanda. Sau da yawa ƙasan tsohon sawu ya fi gonar da anka nome tauri.

A hanyoyin jar ƙasa inda anka sa shingen ruwa, manyan motoci su jira har a buɗe. Kamyo guda mai lodi, in ta bi hanya jiƙaƙƙa, tana barin ramukan da kowa za shi sha wahalarsu har rani. A mashigin ƙorama, kamar na Magiya ko Gulbin Maraɗi, mota ɗaya ke shiga, sai ta haye sannan wata ta biyo. In ruwa na gudu da ƙarfi, ba a shiga ko kaɗan. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Saura maganar wanda ya kafe ko ya lalace. A ƙasashen Dakwaro, Tanut da Gure mutum na iya wuni bai ga wata mota ba. Don haka ba a wuce mai matsala sai an tsaya an tambaye shi ruwa, igiya ko saƙon da za a kai gari na gaba, don ba ko'ina waya ke kamawa ba. Shi kuma mai motar, rassan da ya jera bisa hanya don gargaɗi, da duwatsun da ya tokare ƙafa da su, in an gama gyara sai shi kwashe su, shi cike ramin da anka haƙa. Mai moto da ke tafe da dare ba shi ganin dutse cikin sawu sai ya hau kanshi.