Isansi, Gazuwal Da Kananzir: A San Mai Kafin A Zuba

Ranar Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa. Tun da asuba motoci ke shigowa daga Barmu, Afala, Takanamat, Kalfu da Tamaske. Wasu sun ɗauko awaki da tumaki. Wasu sun ɗauko hatsi da albasa. In rana ta yi sanyi, kowa ya kama hanyar gida da sukari, shayi, gishiri da sabulu. A cikin kayan akwai wani abu da kakanni ba su sani ba. Shi ne bidon mai.

Yau mai ya shiga aikin karkara. Makiyayi na hawa moto ya je duban rijiya da makiyaya. Mai garka a kwarin Keita ko a bakin tabkin Tabalak na ba albasa ruwa da inji. Mata na kai hatsi wurin injin niƙa. Motar kasuwa ita ke kai maras lafiya gidan likita.

Amma gidajen mai suna cikin manyan garuruwa da bakin kwalta. Daga Tawa zuwa Tabalak kimanin kilomita 50 ne, zuwa Abalak kuwa kimanin 135. Wanda ya nufi Tiliya ko Tasara, tafiyar daji ce a gabansa. Don haka mutumin ƙauye shi ke sayen mai, shi ke ajiye shi, shi ke zuba shi da hannunsa. Abin da ma'aikacin gidan mai ya sani, tilas shi ma ya san shi.

DAGA INA MAI KE ZUWA?

Da can duk man ƙasar Nijar daga waje ake kawo shi. A shekara ta 1977 gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP don kula da sayensa da ajiyarsa. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram. Ɗanyen mai na zuwa mata ta bututu daga Agadem, a jihar Difa. An gina ta don ta tace ganga 20.000 a yini.

Akwai wata hanya ta biyu. Shekaru da yawa man Najeriya na shigowa ta iyakar Ƙonni cikin biduna, saboda ya fi araha. Shi ne ƴan bumburutu ke jerawa cikin kwalabe a bakin hanya. A watan Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin da take yi wa mai, kuɗinsa ya hau, wannan fatauci ya ragu. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita a gidajen mai: isansi ya koma sefa 499, gazuwal sefa 618. A watan Maris 2025 aka yi ƙarancin mai, aka ga dogayen layuka a birane. Lokacin ƙaranci ne ake yawan ɓoye mai a ɗaka, lokacin ne kuma ake yawan yi masa algus.

MAI IRI UKU, AIKI IRI UKU

Na farko shi ne isansi. Tsinkakke ne kamar ruwa. Warinsa na da ƙarfi. In ya taɓa hannu, nan da nan ya bushe, a ji sanyi. Shi ne abincin moto, da ƙananan motoci, da yawancin ƙananan injunan ban ruwa. Duk injin da ke da buji, isansi yake sha.

Na biyu shi ne gazuwal. Ya fi kauri, yana da santsi a yatsa, ba ya saurin bushewa. Shi manyan motoci ke sha, da tarakta, da yawancin injunan niƙa.

Na uku shi ne kananzir. Na fitila ne da risho. Ba na mota ba ne.

A nan akwai wani tarko na suna. Mutanen Najeriya na ce wa isansi fetur. Masu jin Faransanci kuwa na ce wa kananzir pitirol. Sunayen sun yi kama, amma man daban ne. In an aiki yaro sayen man fitila, ya kawo na mota, fitilar na iya fashewa a tsakiyar ɗaki. A faɗa wa mai sayarwa abin da za a yi da man, a kuma sansana kafin a zuba.

Motoci biyu na iya yin kama ɗaya, wannan na shan isansi, waccan gazuwal. Wanda ya ari mota ko ya sayi sabon inji, ya duba rubutun da ke kan murfin tanki. In ba rubutu, ya tambayi makanike. Akwai ƙananan injuna da ake gauraya musu baƙin mai kaɗan cikin isansi. Akwai waɗanda baƙin mansu ke da wurinsa daban. Wannan ma makanike ake tambaya, ba a yin sa da ka.

IN AN YI KUSKURE FA?

In gazuwal ya shiga injin isansi, injin zai yi hayaƙi, ya yi tari, ya mutu. In isansi ya shiga injin gazuwal, ɓarnar ta fi girma. Famfon da ke tura mai cikin inji da santsin gazuwal yake aiki. Isansi na wanke wannan santsi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Gyaran na iya cinye kuɗin buhunan albasa masu yawa.

Dokar ɗaya ce: kada a tada injin. Ko makulli kada a murɗa. A tura motar gefe, a kira makanike ya juye tankin. Hasarar lita 20 ta fi hasarar inji sauƙi.

MAN KWALBA

Inda ba gidan mai, dole a sayi na kwalba. Ba duk masu sayarwa ne ke algus ba, amma mai saye ya buɗe idonsa. Araha ba ta ado.

A ɗaga kwalbar a rana. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka a gindin kwalba yake kwanciya. Rairayi da tsatsa ma a nan ake ganinsu. Sannan a ɗiga isansin a kan farar takarda. Mai kyau zai bushe bai bar tabo ba. In ya bar tabon maiƙo, an gauraya shi da kananzir ko gazuwal. A riƙa tacewa da mazurari da ƙyalle mai tsabta, musamman lokacin ƙura.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Mutane da yawa na tsammani sai wuta ta taɓa mai sannan ya kama. Ba haka ba ne. Isansi na fid da tururi kullum, ko cikin ɗari. Tururin nan ne ke kama wuta. Ba a ganinsa. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa-ƙasa yake bi, kamar ruwa mai neman gangare. Yana iya tafiya taku da yawa har ya tarar da garwashin shayi ko murhun tuwo. Daga nan wutar ta biyo shi baya har cikin bido.

A watannin Afirilu da Mayu zafin Adar na wuce awo 40. A lokacin tururin ya fi yawa, man kuma na kumbura cikin bido.

DOKOKIN ZUBA MAI

1. A kashe inji. Direban motar kasuwa ya sauke fasinja, mai moto ya sauka daga kan motonsa.

2. Injin ban ruwa da ya yi aiki, a bar shi ya huce kafin a ƙara masa mai. Ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi ya isa.

3. Ba taba, ba ashana, ba garwashin shayi a kusa. Da dare a haska da cocila, ba da fitilar kananzir ba.

4. A sauke bido ƙasa kafin a cika shi. Kada a cika shi yana bayan mota. Kowa ya san tartsatsin da ke fita daga riga lokacin hunturu. Irinsa na taruwa a jikin bido, kuma ya isa ya tada wuta.

5. Kada a cika tanki ko bido har baki. A bar wa mai wurin kumbura.

6. Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo. In ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana kawo ciwo mai tsanani, har yana kisa.

7. In mai ya zube, a rufe shi da rairayi. A tura moto gaba kafin a tada shi. Riga ko rawanin da ya jiƙe da mai, a tuɓe shi.

AJIYA A GIDA

Kada bidon mai ya kwana a ɗakin da mutane ke kwana. Kada a sa shi kusa da madafa, ko rumbu, ko tarin kara da harawa. A samar masa inuwa mai iska, nesa da gida. A rufe shi sosai. A yi wa kowane bido alama, kada na isansi ya zama na gazuwal. Bidon da ya taɓa ɗaukar mai ba ya komawa na ruwan sha.

Kada a zuba kananzir ko isansi cikin kwalbar lemo. Yara na ɗauka abin sha ne. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin amai na tura man cikin huhu. A kai shi gidan likita nan take.

DARASIN YAMAI

Daren 5 ga watan Mayu 2019 wata motar dakon isansi ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mai ya malala a ƙasa. Mutane suka fito da bokitai da biduna suna kwasa. Waɗanda suka ga abin sun ce tartsatsin wani moto ne ya tada wutar. Aƙalla mutum 55 suka mutu a daren. Wasu daga cikin waɗanda suka ƙone sun cika daga baya a gidan likita.

Ranar 15 ga watan Oktoba 2024 irin wannan ta faru a garin Majiya, jihar Jigawa, a Najeriya. A can mutum fiye da 150 suka rasu. Akasarinsu kwasar mai ta kai su.

Motocin dakon mai na bin hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, su wuce ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas. Suna ratsa ƙauyuka da kasuwanni. In ɗaya ta faɗi, ba ganima ba ce. A kori yara da dabbobi, a yi nisa, a tsaya ta inda iska ke fitowa. A kashe wutar da ke kusa. A sanar da mai gari da jandarmomi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

IN WUTA TA TASHI

Ba a kashe wutar mai da ruwa. Mai na hawa kan ruwa, ruwan ya kai wutar inda ba ta kai ba. Rairayi ne maganinta, kuma Adar ba ta rasa rairayi ba. Mai sayar da mai da mai inji su ajiye bokitin rairayi kusa da su. Direba ya riƙe tukunyar kashe gobara a motarsa. In wutar ta fi ƙarfi, a gudu. A birni a kira ƴan kwana-kwana ta lamba 18.

Wanda wuta ta kama rigarsa kada ya ruga da gudu, gudu na hura ta. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Bayan wutar ta mutu, nan ne ruwa ke da amfani: a zuba ruwa mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko man shanu, ko toka, ko kashin shanu. A rufe da zane mai tsabta, a nufi gidan likita.

Manoma da makiyaya na Adar! Inji ya rage wahalar guga da wahalar turmi. Amma ashana ɗaya na iya cinye moto, da rumbu, da rai. Wanda ya koyi karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. A tattauna wannan magana a ajin yaƙi da jahilci, da tashar mota, da bakin garka. Rigakafi ya fi magani.