Wa Ke Yanke Lokacin Duba Waya, Kai Ko Ita?

Akwai wata irin gajiya da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan, wadda mai ita kan rasa yadda zai bayyana ta. Mutum ya wuni bai yi dako ba, bai yi noma ba, amma dare na yi sai ya ji kansa ya yi nauyi, ga ayyukan da ya ɗaura niyyar yi tun safe suna nan yadda ya bar su. In aka bi diddigi, sau da yawa wunin ya tafi ne wajen amsa kiran waya: guruf ɗin dangi, na tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na wurin aiki, saƙonnin tallar kamfanonin layi, imel da ya taru dubbai ba a buɗe ba, da bidiyon da wannan ke jawo wancan. Lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, mallakar layi sai wane da wane. Yau abin ya juye, abin da ke wuya shi ne mutum ya samu sa'a guda cur ba a neme shi ba. Masu nasiha galibi kan ce a rage awannin da ake yi a kan waya, wasu kuma su ɗora laifin kan rashin kamun kai. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tushen matsalar shi ne wa ke yanke lokacin da za a duba wayar. A yanzu wayar ce ke yankewa, kuma duk gyaran da bai dawo da wannan iko hannun mai ita ba, ba zai je ko'ina ba.

Ba bisa kuskure aka kai ga wannan hali ba. Facebook da Instagram da TikTok da YouTube ba sa karɓar ko sisi kafin mutum ya shiga, amma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, shi kaɗai yana samun sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla. Hajar da ake sayar wa masu talla ita ce lokacin da idonka ke kan allo, saboda haka kowane minti da ka ƙara riba ce ga wani. Tun a 1971 masanin nan Herbert Simon, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, ya yi nuni da cewa idan bayanai suka yi yawa to hankalin da zai saurare su ne zai yi ƙaranci. Injiniyoyi sun fahimci haka, suka yi aiki a kai. A 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro tsarin da shafi ba ya ƙarewa, kana shafa allo sabon abu na ɓullowa daga ƙasa, kuma shi da kansa ya fito daga baya ya nuna nadama. A 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun gina dandalin ne da sanin suna amfani da wani rauni na ɗabi'ar ɗan Adam. Raunin kuwa sananne ne tun gwaje-gwajen B. F. Skinner a kan tantabaru da ɓeraye: idan lada na zuwa jefi-jefi, ba a san yaushe ba, an fi nacewa wajen nemansa. Saƙo ɗaya cikin ashirin ne mai amfani, amma da yake ba ka san wanne ba ne, dole ka buɗe duka ashirin ɗin.

Ɓarnar ba ta tsaya ga daƙiƙun da aka kashe wajen leƙa saƙo ba, katsewar tunani ita ce babbar asara. A ɗauki misalin tela da ya shimfiɗa shadda a kan tebur, ya gwada tsawon hannu, ya ɗora alli zai ja layi, sai waya ta yi ƙara. Ya leƙa, ashe hoton barka da Juma'a ne da ya riga ya gani a guruf uku. Kafin ya ajiye sai ya ga an yi musu a wani guruf, ya tsaya ya karanta. Da ya dawo kan shaddar, awon ya ɓace masa, sai ya sake ɗauko tef. In kuwa bai sake ba, almakashi ya shiga inda ba a so, kayan mutane sun lalace. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine ta shafe kusan shekara ashirin tana auna irin wannan a wuraren aiki. A 2004 ta gano mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu guda a allon kwamfuta kafin ya koma wani. A binciken baya-bayan nan abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn, sun gwada maganin a kan mutum 124, suka wallafa sakamakon a 2015. A mako guda an umarce su su riƙa duba imel sau uku kacal a rana, a ɗaya makon kuma su duba yadda suka ga dama. A makon ƙayyadewar damuwarsu ta ragu, alhali saƙonnin ba su daina shigowa ba. Abin da ya sauya kawai shi ne su ke zuwa wurin saƙon a lokacin da suka zaɓa.

Hankalin da aka yi wa yawa kuma ba ya tsayawa tantancewa, nan ne matsalar ke fita daga kan mutum ɗaya ta shafi al'umma. Masu shekaru za su tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Kafin gari ya waye an tashi mutane daga barci da kira da saƙonni, kowa na ganin taimako yake yi, aka wayi gari da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu da kwantar da wasu a asibiti. Irin wannan tura-tura ce ta sa WhatsApp ya ƙayyade tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, da farko a Indiya a 2018 bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe, sannan a duk duniya a 2019. Wanda ke da saƙo ɗari uku a gabansa ba shi da sukunin tambayar daga ina wannan ya fito. Ya fi masa sauƙi ya danna ya tura.

Wani zai ce ana zuzuta abin ne kawai, kamar yadda aka taɓa yi wa rediyo da talabijin da fim. Wannan magana tana da hujjarta. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 a Amurka da Birtaniya, suka ga alaƙar da ke tsakanin yawan amfani da na'urori da taɓarɓarewar walwala ƙarama ce ƙwarai. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne ƙirga awanni ma'auni ne mai rauni. Awa biyu da ɗalibi ya yi yana kallon darasin lissafi, da awa biyu da aka yayyanka gutsi-gutsi cikin wuni ana leƙen sanarwa, duk awa biyu ne a lissafi, amma ba ɗaya suke ba a rayuwa. Akwai kuma gwajin da masana daga jami'o'in Stanford da New York suka yi a 2018, inda aka biya mutane su rufe Facebook ɗinsu na mako huɗu. Sun samu rarar kimanin awa guda a kowace rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, walwalarsu ta ɗan ƙaru, sai dai sanin labaransu ya ɗan ragu. Wato akwai abin da ake samu a waɗannan dandali, akwai kuma farashin da ake biya, kuma mai hankali shi ke duba ko cinikin ya yi masa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a wajenmu shi ne na zumunci da sana'a. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta WhatsApp za ta ce jinkirin minti goma na iya sa mai saye ya koma wajen wata. Wani kuma zai ce ta guruf ake sanar da rasuwa da lokacin jana'iza, kuma wanda aka gaida bai amsa ba ana yi masa kallon mai girman kai. Duk gaskiya ne, amma al'adarmu ba ta taɓa cewa kowa ya faɗo wa mutum har ɗakin barcinsa a duk sa'ar da ya so ba. Gidan Bahaushe yana da zaure: baƙo ya yi sallama ya tsaya nan, a sanar da mai gida, ya fito idan ya kintsa. Addini ma ya koyar da neman izini sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya ba tare da jin haushi ba, kuma Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin Asuba da tsakar rana da bayan Isha, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Wayar hannu gida ce da aka gina ba zaure, mai talla da ɗan damfara da mahaifiyarka duk da ƙara ɗaya suke shigowa. Tace masu shigowa bai saɓa wa zumunci ba, hasali ma shi ke sa a ji muryar mahaifiya a cikin hayaniyar. Mai sana'a kuwa, ta bar ƙarar saƙon abokan ciniki a kunne, ta kashe sauran, ta rubuta lokutan da take amsa saƙo. Mai saye ya fi daraja amsa cikakkiya da farashi daidai a kan amsar gaggawa mai kuskure.

A aikace, gyaran bai wuce zama ɗaya na rabin awa ba. A shiga saitin waya, sashen sanarwa, a bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya a kashe duka, a bar kira da saƙon banki da na mutanen da ba a iya jinkirta musu. A WhatsApp, kowane guruf ana iya kashe ƙararsa ba tare da kowa ya sani ba, kuma a sashen sirri akwai inda mutum zai hana a jefa shi cikin guruf ba da izininsa ba. A kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, wanda ko don tsadar data ya kamata, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Saƙonnin tallar da ke shigowa ta layi kuwa, hukumar ta tanadi lamba 2442: a tura kalmar STOP zuwa gare ta, kyauta ne. Wasiƙun labarai da na talla da ke cika imel, a ƙasan kowace akwai inda aka rubuta Unsubscribe. Duk wadda aka yi wata guda ba a buɗe ba, a cire suna daga cikinta, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kowa 'yancin ƙin karɓar tallar kai tsaye. Amma a kula, idan wasiƙar daga wanda ba a sani ba ce, tana alƙawarin tallafi ko aiki ko tana barazanar rufe asusu, kada a danna komai a cikinta, a jefa ta cikin tarkace kawai. Daga nan sai a tsayar da lokutan dubawa, misali da hantsi, bayan Azahar, da bayan Magariba. Da daddare kuma a bar wayar tana caji nesa da shimfiɗa, domin wanda ya kwana da ita a hannu ya sayar da barcinsa da safiyarsa a ciniki ɗaya.

Saura masu cewa wannan duk ɗora wa talaka nauyi ne, alhali kamfanoni ne masu laifi. Lallai kamfanoni da hukumomi suna da nasu kason, kuma matsin lamba yana tasiri: a 2018 Apple da Google sun sanya ma'aunin lokacin amfani a wayoyinsu, Faransa kuma tun 1 ga Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. Amma kafin irin wannan doka ta iso mana, mu duba gaskiya: mafi yawan saƙonnin da ke damunmu ba daga Amurka suke zuwa ba, mu ne ke aika wa juna. Shugaban da ke tura umarni a guruf ƙarfe sha ɗayan dare yana jiran a amsa, da mai tura saƙon murya na minti bakwai a kan abin da layi biyu zai ɗauka, da mai watsa hoto ɗaya a guruf goma, kowannensu yana ci daga lokacin wani. Iyaye ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a rana, amma uban da ke cin abinci da waya a hannun hagu ba shi da bakin kafa wannan doka a gidansa.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, kuma kowa yana da hannu a duka biyun. A matsayinka na mai karɓa, kai za ka tsayar da lokacin da za a same ka. A matsayinka na mai aikawa, ka tambayi kanka ko saƙon ya cancanci katse wa mutum aikinsa ko barcinsa, in na gaggawa ne ka kira, in ba haka ba ka yi wa wanda bai amsa nan take ba uzuri. Masu kula da guruf su kafa ƙa'idar lokaci da ta abin da za a tura, shugabannin ma'aikatu su bar saƙon dare sai da safe. Ranar da jinkirin amsa ya daina zama laifi a tsakaninmu, rabin nauyin nan ya sauka, kuma wannan ba ya jiran izinin wani kamfani ko wata majalisa.