Yadda ake haɗa inbentori da yawa a Ansible ba tare da an rikita sabobi ba

Duk wanda yake kula da saba fiye da uku a wurare daban-daban ya san wahalar shiga kowacce da SSH don sabunta abu guda. Don wannan aka yi Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, Red Hat kuma ta saya a 2015. Kana rubuta jerin sabobinka a fayil da ake kira inbentori, ka rubuta aikin da kake so a playbook, ita kuma ta bi su ta yi.

A ce kana Dutse kana kula da sabar wata cibiyar jarrabawar CBT, da ta wata makaranta a Birnin Kudu, da wata ƙarama a Kiyawa, ga kuma wasu da ka yi haya a AWS. Na gida adireshinsu ba ya canzawa, da hannu ake rubuta su. Na AWS kuwa yau akwai gobe babu, don haka gara ƙarin manhajar aws_ec2 ta riƙa ɗauko su da kanta. Jeri ɗaya ba zai ɗauke su duka ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce maimaita -i, kamar ansible-playbook -i gida -i aws_ec2.yml sabunta.yml. Kana iya kuma jera su da waƙafi a layin inventory na ansible.cfg. Amma ni na fi son folda: ka zuba fayilolin duka a wuri guda, ka ba -i sunan foldar, Ansible ta karanta komai ta haɗa.

A nan ne ake samun matsala. Idan saba ɗaya ta fito a fayil biyu da saiti masu karo da juna, wanda aka karanta daga ƙarshe shi ke cin nasara. Da -i, tsarin da ka rubuta ake bi. A folda kuma bin haruffan sunayen ake yi, kuma kwamfuta ba ta ƙirga lamba yadda muke yi: fayil mai suna 10-aws zai rigaya 2-dutse, saboda harafi bayan harafi take kwatantawa tun daga na farko. Shi ya sa masu ƙwarewa suke rubuta 01-dutse, 02-kiyawa, 03-aws, su ajiye wanda suke so ya danne saura a ƙarshe.

Rukunai ma haɗewa suke yi. Idan kana da rukuni mai suna web a fayil ɗin Dutse, wani web kuma a na AWS, Ansible ba ta ɗauke su biyu ba, ta mai da su ɗaya. Ka ce a sake kunna sabobin web kana nufin na AWS, sai ga sabar cibiyar CBT ta mutu ana tsakiyar jarrabawar JAMB, ɗalibai na zaune suna kallon allo. Maganin kawai ka bambanta sunayen tun farko: dutse_web, aws_web. In kana son su haɗu wani lokaci, ka yi babban rukuni ka sa su a ƙarƙashinsa da children.

Akasin haka ma yana faruwa. Saba ɗaya da ka rubuta da suna a wani fayil, da adireshin IP a wani, Ansible za ta ɗauka biyu ce, ta yi mata aikin sau biyu. Ka riƙe suna ɗaya a ko'ina, ka sa adireshin a ansible_host.

Wani tarko kuma: a yawancin tsofaffin sigogi, fayil da ya ƙare da .ini idan yana cikin folda Ansible tsallake shi take yi ba tare da ta ce uffan ba. Haka ma .cfg da .txt. Ka cire wutsiyar, ko ka koma YAML. Fayil ɗin AWS kuwa dole sunansa ya ƙare da aws_ec2.yml ko aws_ec2.yaml, in ba haka ba ba za ta gane shi ba.

Kafin ka taɓa kowace saba, ka ba da umarnin ansible-inventory -i folda --graph, ka ga kowace saba da rukuninta. Sannan --host da sunan saba zai nuna saitin da ya tsira bayan haɗawa. A ɓangaren playbook kuma --list-hosts zai lissafa waɗanda aikin zai shafa. Dukkansu ba sa shiga sabobin, don haka ko ta Kiyawa tana kashe saboda an ɗauke wuta, za ka iya duba jerinka daga Dutse, sai dai kana buƙatar intanet don ɗauko na AWS.