Zama Kafin Tafiya: Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Yau maganarmu a kan jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ce, domin idan ciwon nan ya shiga gida, ko maigida ya kama, ko Inna, ko surukarki, a kanki jinya za ta faɗo.

Ciwon yana samuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban mai jawo shi. Da zarar kin ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, to, a kai mutum asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Bayan an sallamo majinyaci, hankalin kowa yakan koma kan hannu da ƙafar da suka mutu, ana ta shafe su da mai. Ana mantawa da gangar jiki, wato baya da ciki da ƙugu, alhali kuwa su ne ke riƙe da mutum. Ke uwa ce, kin san jariri sai ya iya zama kafin ya yi rarrafe, sai ya tsaya kafin ya taka. To, haka majinyacin nan yake. Wanda bai iya zama ba tare da jingina ba, idan aka matsa masa ya yi tafiya, faɗuwa zai yi.

Masu koyar da wannan aiki su ne ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma daga Tambuwal tafiyar kimanin kilomita 100 ce, Kebbe kuwa ta fi haka nisa. Wa zai iya biyan kuɗin mota kullum? Ga shi kuma watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa. Saboda haka ranar da aka je, ki shiga tare da majinyaci, ki roƙi a nuna miki, ki gwada a gabansu. In likita ya yarda, ga irin abin da za ki riƙa yi a gida safe da yamma.

Na farko, ya kwanta rigingine, a lanƙwasa masa gwiwoyi, tafin ƙafa a kan shimfiɗa, ya ɗaga ƙugu sama ya sauke a hankali. Na biyu, yana nan kwance, ya karkata gwiwoyin dama, ya komo hagu. Na uku, ki zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu biyu a ƙasa, ke kina gefen da ya shanye, ya riƙa mayar da nauyinsa wannan gefe da wancan. In zama ya yi ƙarfi, sai ki ajiye moɗa a gabansa ya miƙa ya taɓa, kullum kina ƙara nesanta ta kaɗan. Daga nan ne ake koyon miƙewa tsaye.

Ki kiyaye abu uku. Kada ki ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar za ta iya gocewa. Kada ki ba shi fura ko kunu yana kwance, sai a zaune sosai, don gudun ƙwarewa. In bai iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, kada kwanciya ta yi masa gyambo. Idan kuwa ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a dakata. Maganin hawan jini ma kada a bari ya yanke.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku samu littafi ku riƙa rubuta minti nawa Kaka ta zauna ba jingina, a nuna wa likita ranar komawa. Ranar da ta karaya, ku karanta mata inda ta faro. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya lada, amin. Sai mako mai zuwa.